"Madadin tarihi": kalmar da ake ta jefawa ba a inda ta dace ba

Kwanakin nan "madadin tarihi" ta cika kunne. Masu shirya bikin zagayowar ranar haihuwa suna rubuta ta a katin gayyata a matsayin jigon biki, masu sharhin siyasa kuma sun mayar da ita abin jifa. Da zarar wani ya faɗi abin da bai yi musu daɗi ba, sai ka ji an ce madadin tarihi yake kawowa, ana nufin ƙarya yake shararawa. Wannan ne yake damuna.

Mai gurɓata tarihi so yake ka yarda cewa abin da bai faru ba ya faru. Shi kuwa mai madadin tarihi, wato fannin hasashen yadda tarihi zai kasance da wani abu ya sauya, tun daga farko yake gaya maka gaskiya: ga abin da ya faru, kowa ya sani, to da a ce abu ɗaya ya sauya fa? Ita kalmar "madadi" ce ta jawo ruɗanin, don madadi abin da ake sawa ne a gurbin wani. Ni na fi son a ce "tarihin da a ce". Wani masanin falsafa Bafaranshe, Charles Renouvier, ya raɗa masa suna "ukroniya" a littafinsa na 1876, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin "babu" da "lokaci", wato zamanin da ba a taɓa yi ba. Tunanin ma ya girmi sunan nesa ba kusa ba: fiye da shekara 2,000 da suka wuce, Livy, marubucin tarihin Rum, ya tsaya yana auna abin da zai faru da Iskandar Mai Girma ya juya da rundunarsa kan Rum.

Ginshiƙin abin shi ne mararraba, wato wuri ɗaya tak da hanya ta rabu. Ɗauki ranar 28 ga Yuni, 1914 a Sarajevo, babban birnin Bosniya. Da safe an jefa wa motar Franz Ferdinand, magajin sarautar Ostiriya da Hangari, bom, bai same shi ba, ya raunata na motar baya. Daga baya ya ce a kai shi asibiti ya duba su. Ba a sanar da direba an sauya hanya ba, ya karya kwana ya shiga titin da aka tsara tun farko, aka yi masa magana, ya tsaya zai ja da baya. Daidai nan Gavrilo Princip, wani Basabiye ɗan Bosniya mai shekara 19, yake tsaye da bindiga. Ya harbe yariman da matarsa Sophie. Bayan wata guda Ostiriya ta ƙaddamar da yaƙi kan Sabiya, abin da ya zama Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma yaƙin nan da abin da ya biyo bayansa su suka ci daular Jamus, da ta Rasha, da ta Ostiriya, da ta Usmaniyya ta Turkiyya. Jamus ta rasa Kamaru da Togo da sauran ƙasashen da take mulka.

To, da direban ya miƙe fa? Nan ne aikin yake farawa, kuma aiki ne na mai ilimi. Wanda bai san ƙawancen da ya ɗaure Jamus da Ostiriya, ya ɗaure Faransa da Rasha ba, ba shi da abin cewa. Shi ya sa nake ganin wasan nan ya fi haddace shekaru koyar da tarihi, don yana tilasta maka ka san dalili.

A nan masu biki suke yawan kuskure. Wani ya zo da shigar Fir'auna, wani da ta ɗan sama jannati, wata da sandar tsafi, a ce wai madadin tarihi ake yi. Wannan bikin shigar ban mamaki ne kawai. Mai masaukin da ya fahimci abin zai zaɓi mararraba ɗaya ya rubuta ta a katin gayyata: direba bai yi kuskure ba, dauloli huɗun nan suna nan. Sai ya zana taswirar duniyar, ya buga shafin jarida mai ɗauke da ranar haihuwarsa da labaran da za su fito a can, kowane baƙo ya zo da takardar shaidar ƙasar da da a cikinta za a haife shi.

Abu ɗaya nake roƙo a guje masa: jigon da ke cewa 'yan Nazi na Hitler sun ci Yaƙin Duniya na Biyu. 'Yan Nazi sun kashe Yahudawa miliyan 6, kuma jikokinsu suna raye. Yarima Harry na Ingila ya sa shigar 'yan Nazi a wani biki a 2005, sai da ya fito ya nemi afuwa.

A bikin Sarajevo kuwa, ba za a rasa baƙon da zai ce ko ba a harbi kowa ba sai an yi yaƙin, tunda an riga an gwabza sau biyu a yankin Balkan, inda Sarajevo take, a 1912 da 1913, ga kuma gasar ƙera jiragen ruwan yaƙi tsakanin Ingila da Jamus. A ba shi wuri ya kawo hujjarsa, a sa mai bikin ya ba shi amsa kafin a watse.