Rabon gado a tsohuwar Ikko

Rabon gado a tsohuwar Ikko, wato tsibirin Legas, tsari ne na al'adar Yarabawa da ke ɗaukar gida da fili a matsayin dukiyar zuri'a baki ɗaya. Idan maigida ya rasu bai bar wasiyya ba, gidansa yakan koma hannun 'ya'yansa duka, maza da mata, kowa da haƙƙin zama a ciki, ba mai ikon sayar da ɗakinsa sai da yardar dangi. Babban ɗa, wanda ake kira dawodu, shi ke riƙe gidan a madadin sauran.

Tarihi

Asalin filayen Ikko na hannun sarakunan Idejo ne, masu fararen huluna. Bayan Oba Dosunmu ya miƙa garin ga Ingila a 1861, Turawa suka fara ba da takardun mallakar fili da sunan mutum ɗaya. Fili ya yi daraja, rigimar gado ta bar tsakar gida ta koma kotu. Ana ganin a cikin ƙarni na 19 ne 'ya'ya suka ture 'yan'uwan mamaci daga sahun gaba na magada, ko da yake masana sun saɓa kan lokacin.

Shari'ar da aka fi ambata ita ce ta Lewis da Bankole, wajen 1908, kan gidajen Cif Mabinuori wanda ya rasu a 1874. Kotu ta saurari sarakunan gari, ta tabbatar da matsayin dawodu da haƙƙin 'ya'ya mata. A 1921 kuma, a ƙarar Amodu Tijani kan filayen Apapa, kotun ɗaukaka ƙara ta ƙarshe da ke Landan ta amince cewa ƙasa ta jama'a ce, shugaba amana kawai yake riƙewa.

Hanyoyin rabo

Idan zama ya gagara, ana raba dukiyar ta ɗayan hanyoyi biyu. Ta farko ita ce idi-igi, ma'ana gindin bishiya: ana ƙirga matan da suka haihu, kowane ɗaki ya ɗauki kaso guda, 'yan ɗakin su raba a tsakaninsu. Mutum mai mata biyu, uwargida da ɗa ɗaya, amarya da biyar, ɗan uwargida zai tashi da rabin gida, biyar ɗin su raba sauran rabin. Matar da ba ta haihu ba, ba a ƙirga ɗakinta. Ta biyu ita ce ori-ojori, inda ake ƙirga kawunan 'ya'ya, kowa ya sami daidai da ɗan'uwansa.

Hanyoyin biyu sun yi karo a shari'ar Dawodu da Danmole. Mamacin ya bar 'ya'ya 9 daga mata 4. Alƙalin farko ya ce a raba gida tara, domin a ganinsa idi-igi ya saɓa wa adalci. Kotun Ƙolin Tarayya ta soke hukuncin a 1958, Landan ta goyi bayanta a 1962, aka raba gida huɗu. Hujjar tana da nauyi ga duk wanda ya san gidan kishiyoyi: idi-igi na daidaita ɗakuna ne, don kada yawan haihuwar wata ya danne 'ya'yan wata. An bar wa shugaban gida damar zaɓen ori-ojori in hakan zai kashe rigima.

Mata da addini

Matar mamaci ba ta gadon mijinta a wannan al'ada, sai dai ta ci gaba da zama a gidan, abin da ya bambanta da tumunin da Musulunci ya yanka mata. Musulmin Ikko da yawa al'adar suka riƙa bi. Waɗanda suka yi auren coci kuwa, shari'ar Cole da Cole ta 1898 ta ɗora gadonsu a kan dokar Ingila.

A yau

Har yanzu kotunan Legas na aiki da hanyoyin biyu.