Levittown da bunƙasar Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu

Levittown unguwa ce a tsibirin Long Island na jihar New York, wadda kamfanin Levitt & Sons ya gina tsakanin 1947 da 1951 a filayen da a da gonakin dankalin Turawa ne. Gidaje 17,447 kamfanin ya gina a cikinta. Masana tarihi kan kafa misali da ita idan suna bayanin yalwar arzikin da Amurka ta samu daga 1945 zuwa farkon shekarun 1970.

Da yaƙi ya ƙare, miliyoyin sojoji suka komo gida, aka yi ta ɗaura aure, ga shi kuma babu muhalli, domin gine-gine sun ja baya tun karyewar tattalin arziki ta 1929. Sababbin ma'aurata da yawa a gidan iyaye suka raɓe. Haihuwa ma ta yi yawa, don daga 1946 zuwa 1964 an haifi yara kimanin miliyan 76. Abin da ya buɗe ƙofa shi ne dokar tallafa wa tsofaffin sojoji da Shugaba Franklin Roosevelt ya sa wa hannu a 1944, wadda ta sa gwamnati ta tsaya musu a wajen bankuna, har tsohon soja kan karɓi makullin gida ba tare da ya biya wani kafin alƙalami mai nauyi ba.

William Levitt, shugaban kamfanin, ya karkasa aikin gini zuwa matakai 27. Wannan ayari zuba siminti kaɗai ya sani, wancan kafa katako, wani kuma fenti, kowa ya gama nasa ya matsa fili na gaba. A ganiyar aikin ana kammala gidaje kusan 30 a rana. Gida mai ɗakin kwana biyu da falo da kicin, da firji da injin wanki a ciki, an sayar da shi dala 7,990 a 1949, samfurin 1950 kuwa har da talabijin a manne cikin bango. Kamfanin ya gindaya sharuɗɗa: ba a yin katanga, dole a yanke ciyawar ƙofar gida duk mako, ba a shanya a waje ranakun ƙarshen mako.

Irin wannan zama ya bazu a faɗin ƙasar. Masu gidan kansu sun ƙaru daga kashi 44 cikin ɗari a 1940 zuwa kashi 62 a 1960. Mota ta zama dole, musamman bayan dokar 1956 ta zamanin Shugaba Eisenhower da ta tanadi shimfiɗa manyan hanyoyi mil 41,000. Maigida ya yi sammakon aiki a birni, uwargida ta wuni da yara, da dare a taru gaban talabijin, wadda a 1950 gida ɗaya cikin goma ma bai mallake ta ba, amma zuwa 1960 ta shiga kusan gida tara cikin goma.

Sai dai ba kowa aka ɗiba ba, kuma nan ne babban tabon wannan zamani. Takardar yarjejeniyar Levittown ta fito fili ta ce farar fata kaɗai zai zauna a gidan. A 1948 Kotun Ƙoli ta hana kotuna tilasta irin wannan sharaɗi, kamfanin ya goge shi daga takarda, amma ya ci gaba da ƙin sayar wa baƙar fata, ko da sojan da ya je fagen daga ne. A 1953 mazauna unguwar sun kai 70,000, babu baƙar fata ko ɗaya. Da wani iyali baƙar fata suka sayi gida a Levittown ta jihar Pennsylvania a 1957, jama'a sun yi dafifi a ƙofarsu suna jifa da duwatsu.

Wannan zalunci ne da illarsa ta daɗe, saboda gida shi ne babbar kadarar da ma'aikaci ke barin wa 'ya'yansa gado, kuma darajar gidajen ta ninka sau da yawa. Sai a 1968, kwanaki kaɗan bayan kisan Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata, aka kafa dokar tarayya da ta haramta wariyar launin fata wajen sayarwa da hayar gidaje.