Me Ake Nufi Da "Otomatik"?

Kwanan nan ko ina ka juya sai ka ji "otomatik". Ɗan majalisa na neman jam'iyya ta ba shi tikiti otomatik, kada a yi zaɓen fidda gwani. A rediyo ka ji ana cewa biyan albashi ya koma otomatik, saboda haka an yi ban kwana da kuskure. A bakin jama'a kalmar ta koma nufin abin da babu hannun kowa a ciki, babu kuma wanda za a tuhuma idan ya lalace. Wannan fahimtar ce ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Tushen kalmar Girkanci ne, ma'anarta abin da ke motsi da kansa. Kamfanin motoci na Ford a Amurka ne ya yayata 'yar'uwarta, "automation", a masana'antu, har ya buɗe mata sashe a 1947. Ko a can ɗin, mutum ke tsara aikin, inji ya maimaita.

Makon jiya na zauna a kwamitin intabiyu na wani kamfanin manhaja a unguwar Wuse 2 ta Abuja, muna neman wanda zai shugabanci injiniyoyin gwajin otomatik. Aikinsu shi ne su koya wa kwamfuta ta yi kamar kwastoma: ta buɗe manhajar, ta sa lambar sirri, ta tura naira 5,000, ta duba ko kuɗin sun fita nan sun shiga can. Da kayan aiki irin su Selenium, wanda ya fito tun 2004, ko Playwright na Microsoft, ana maimaita wannan duk lokacin da aka taɓa manhajar. In lafiya allo ya nuna kore, in da matsala ya nuna ja.

Mai neman aiki na farko ya ce da ni, "Ranka ya daɗe, a ba ni wata shida, komai zai koma otomatik, ba sai an ƙara gwaji da hannu ba." Na tambaye shi, to gwajin da yau ya yi kore, gobe ya yi ja, alhali ba a canza komai ba fa? Ya ce a sake kunna shi har ya yi kore. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin ranar da ma'aikata suka saba da hakan, ko allo ya nuna ja saboda matsala ta gaskiya ba za su ƙara tsayawa dubawa ba.

Ku tuna da ranar Juma'a 19 ga Yuli, 2024. Kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya tura wani ɗan gyara zuwa kwamfutocin da ke amfani da manhajarsa, sai kwamfutoci masu Windows suka dinga mutuwa da shuɗin allo. Microsoft ya ƙiyasta sun kai miliyan 8.5. Bankuna da asibitoci suka tsaya cik, kamfanin jiragen Delta kaɗai ya soke tashi kusan 7,000. Kada a ɗauka babu mai tantancewa. Akwai na'urar tantancewa ta otomatik, amma ita kanta tana da lahani, sai ta bar gurɓataccen fayil ya wuce, kamar yadda kamfanin ya amsa da kansa. Sun janye gyaran bayan minti 78, amma ɓarnar ta riga ta auku, sai da mutane suka bi kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya suna goge fayil ɗin da hannu. Daga baya suka yi alkawarin riƙa turawa kaɗan-kaɗan maimakon ga kowa a lokaci guda, wanda shawara ce ta shugaba, ba ta inji ba.

Mu koma kan intabiyu: da la'asar wata baiwar Allah mai neman aikin ta shigo. Na ce, "Malama, me za ki fara yi a makon farko?" Ta ce za ta nemi jerin gwaje-gwajen da ba su taɓa yin ja ba, sannan ta ɓata manhajar da gangan a wurin gwaji, ta sa a cire kuɗi sau biyu, ta ga ko za su kama. Wanda bai kama ba, ta zauna da wanda ya rubuta shi su gyara tare. Sunanta na rubuta a saman takardata.