Jami'o'i da manyan makarantu a Singafo

Singafo ƙasa ce da ta ƙunshi birni guda, a kan tsibiri da ke ƙarshen kudancin zirin Malesiya. Faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 730 da 'yan kai ba, mutanenta kuma sun kai kimanin miliyan 6. Ba ta da man fetur ko ma'adinai, ba ta da filin noma na kirki, hatta wani kaso na ruwan shanta daga Malesiya take sayowa. Wannan ne ya sa tun da ta zama ƙasa mai cin gashin kanta a ranar 9 ga Agustan 1965, gwamnatocinta suka ɗauki ilimi mai zurfi a matsayin hanyar samar da ma'aikatan da tattalin arziki ke buƙata, suna ƙayyade yawan guraben karatu da irin fannonin da za a faɗaɗa. A yau ƙasar tana da jami'o'i 6 da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu, da kwalejojin kimiyya da fasaha 5, da cibiyar koyon sana'a mai rassa 3, da jami'ar fasahar zane da kiɗa, ban da makarantu masu zaman kansu.

Asali

Tushen ilimi mai zurfi a Singafo makarantar koyon aikin likita ce da aka buɗe a 1905, zamanin mulkin Birtaniya, bayan da attajiri Tan Jiak Kim ya jagoranci 'yan kasuwa wajen kai koke ga gwamna da tara kuɗin kafa ta. Daga baya aka sa mata sunan Sarki Edward na Bakwai. A 1928 aka buɗe Kwalejin Raffles domin koyar da adabi da kimiyya, sannan a 1949 aka haɗe su biyun suka zama Jami'ar Malaya. Da siyasar yankin ta sauya, jami'ar ta rabu gida biyu, reshen Kuala Lumpur ya riƙe tsohon sunan, na Singafo kuma ya zama Jami'ar Singafo a 1962. Da Ingilishi ake koyarwa a cikinta tun farko, saboda haka waɗanda suka yi makarantun Turanci ne suke samun shiga.

Jami'ar Nanyang

Mafi yawan mutanen Singafo 'yan asalin ƙasar Sin ne, kuma a wancan lokaci da yawa daga 'ya'yansu makarantun Sinanci suke yi. Bayan da 'yan gurguzu suka karɓi mulki a Sin a 1949, tafiya can domin karatun jami'a ta yi wuya, ga shi Jami'ar Malaya ba ta da gurbi ga wanda bai iya Ingilishi ba. A 1953 wani hamshaƙin ɗan kasuwar roba mai suna Tan Lark Sye ya ba da shawarar a gina jami'ar da za ta koyar da Sinanci, ya kuma yi alkawarin dala miliyan 5 na kuɗin wancan zamani daga aljihunsa. Ƙungiyar 'yan ƙabilar Hokkien ta ba da fili mai faɗin eka 500 da ɗoriya a Jurong, yammacin tsibirin.

Abin da ya sa har yau ake tunawa da wannan jami'a shi ne yadda talakawa suka sa hannu a gininta. Masu tuƙa keken ɗaukar fasinja sun ware rana guda suka miƙa duk abin da suka samu, haka direbobin tasi da masu aski da masu ƙananan sana'o'i. An fara darasi a 1956, jama'a kuma suka riƙa kiranta Nantah a taƙaice.

Zamanta da hukuma bai yi daɗi ba. Gwamnati ta daɗe tana zargin cewa masu ra'ayin gurguzu sun yi kaka-gida a cikin ɗalibanta, an kuma yi shekaru ana ja-in-ja kan amincewa da digirinta, har aka ƙwace wa Tan Lark Sye takardar zama ɗan ƙasa a 1963. Daga baya iyaye da kansu suka karkata ga makarantun Turanci saboda a nan aikin yi yake, ɗaliban da ke neman Nantah suka ragu. A 1980 gwamnatin Firaminista Lee Kuan Yew ta haɗe ta da Jami'ar Singafo, aka samar da Jami'ar Ƙasa ta Singafo, wadda ake taƙaita sunanta da NUS. Hujjar gwamnati ta tattalin arziki tana da ƙarfi, amma asarar ma ba ƙarama ba ce, domin da wannan mataki ƙasar ta rasa jami'a ɗaya tilo da aka kafa domin koyarwa da harshen mafi yawan mutanenta, kuma tsofaffin ɗalibanta da dama ba su daina jin zafin abin ba.

Jami'o'i shida na yau

NUS ce mafi tsufa kuma mafi girma, babban mazauninta yana Kent Ridge. A ƙarƙashinta akwai makarantar nazarin manufofin gwamnati mai sunan Lee Kuan Yew, wadda aka kafa a 2004, da makarantar likitanci ta haɗin gwiwa da Jami'ar Duke ta Amurka, wadda aka kafa a 2005. A jerin jami'o'in duniya na kamfanin QS mai auna matsayin jami'o'i na 2024 ta zo ta 8.

A tsohon filin Nantah aka buɗe cibiyar horar da injiniyoyi a 1981, wadda a 1991 aka haɗa da cibiyar horar da malamai ta ƙasa ta zama Jami'ar Fasaha ta Nanyang, wato NTU. Har yanzu a nan ake horar da malaman makarantun gwamnati. A 2006 aka ba NUS da NTU 'yancin tafiyar da harkokinsu, kowacce da hukumar gudanarwarta, ko da yake ma'aikatar ilimi ce ke ba da mafi yawan kuɗi, ita ce kuma ke tsara alƙibla.

Sauran huɗun kowacce an kafa ta ne domin cike wani giɓi. Jami'ar Gudanarwa ta Singafo, SMU, ta zo a 2000, mazauninta na yanzu yana tsakiyar birni, an kuma tsara ta bisa salon makarantar kasuwanci ta Wharton da ke Amurka. Jami'ar Fasaha da Ƙira, SUTD, an kafa ta a 2009 da taimakon jami'ar fasaha ta MIT ta Amurka, ta ɗauki ɗalibanta na farko a 2012. Cibiyar Fasaha ta Singafo, SIT, an yi ta ne musamman domin masu difloma su samu hanyar yin digiri, sannan Jami'ar Kimiyyar Zamantakewa, SUSS, wadda ta shiga sahun jami'o'in gwamnati a 2017, ta fi karɓar ma'aikata masu karatu da yamma.

Kwalejojin fasaha da koyon sana'a

Wanda ya tsaya kan jami'o'i kaɗai bai ga ƙashin bayan tsarin ba. Kwalejojin kimiyya da fasaha, wato ta Singafo da aka kafa a 1954, da Ngee Ann, da Temasek, da Nanyang, da Republic wadda ta zo a 2002, suna ba da diflomar shekara 3, kuma suna ɗaukar kaso mai yawa na masu gama sakandare. Cibiyar Ilimin Sana'a, ITE, an kafa ta a 1992. A da ana yi mata kallon matattarar waɗanda suka faɗi jarrabawa, sai gwamnati ta zuba kuɗi ta gina mata manyan harabobi uku masu ɗakunan gwaji da injuna irin na masana'antu, har da wurin koyon gyaran jirgin sama da ɗakin girki irin na otal. Ɗalibin da ya yi ƙoƙari a nan yana iya wucewa kwalejin fasaha, daga can ya shiga jami'a.

Shiga da kuɗin karatu

Gwamnati ba ta bar yawan masu digiri ya tafi sakaka ba. A 2012 ta sanar da cewa za ta kai guraben jami'a zuwa kashi 40 cikin 100 na kowane rukunin matasa nan da 2020, tana gudun kada a yaye masu digiri fiye da ayyukan da ke akwai. Samari 'yan ƙasa sukan shiga jami'a a makare, saboda sai sun yi shekara 2 na hidimar ƙasa ta dole a soja ko 'yan sanda ko hukumar agajin gaggawa. Karatu ba kyauta ba ne, amma akwai tallafin gwamnati mai tsoka. Ɗalibin ƙasar waje ma yana iya samun wannan tallafi, da sharaɗin zai yi aiki na shekara 3 a kamfanin da ke da rajista a Singafo bayan ya kammala.

Jami'o'in waje

A 2002 gwamnati ta ƙaddamar da shirin jawo manyan jami'o'in duniya su buɗe rassa a ƙasar. Makarantar kasuwanci ta INSEAD ta Faransa, wadda ta riga ta buɗe reshenta a 2000, ta zauna da gindinta. Wasu kuwa ba su daɗe ba: reshen Jami'ar New South Wales ta Ostareliya ya rufe a 2007 bayan zangon karatu ɗaya saboda ƙarancin ɗalibai, makarantar kasuwanci ta Jami'ar Chicago kuma ta koma Hong Kong. Kwalejin Yale-NUS, ta haɗin gwiwar NUS da Jami'ar Yale ta Amurka, wadda ta fara karatu a 2013, ta jawo muhawara tun kafin a buɗe ta, inda wasu malaman Yale suka nuna damuwa kan 'yancin faɗar albarkacin baki a ƙasar da ke taƙaita zanga-zanga. A 2021 NUS ta sanar da cewa za a rufe ta, rukunin ɗalibanta na ƙarshe kuma ya kammala a 2025.

A ɓangaren zane da kiɗa da wasan kwaikwayo, kwalejojin LASALLE da NAFA sun haɗa gwiwa suka kafa Jami'ar Fasahar Zane ta Singafo, wadda ta ɗauki ɗaliban farko a 2024. A wannan shekarar ce kuma gwamnati ta sanar da shirin kafa kwalejin nazarin addinin Musulunci, domin malaman Musulmin ƙasar, waɗanda akasarinsu 'yan ƙabilar Malay ne, sun saba zuwa ƙasashen waje kamar Jami'ar Al-Azhar ta Masar kafin su sami digiri a fannin addini.