An sako mai taɓin hankali daga gidan yari: wa zai bibiye shi?

Dokar gidajen gyaran hali ta Najeriya ta 2019 ta raba aikin hukumar gidajen gida biyu: tsare ɗaurarru, da kuma aikin waje, wanda ya ƙunshi ɗaurin talala, yi wa al'umma hidima da kula da mutum bayan an sake shi. Ta kuma tanadi kwamiti a kowace jiha mai duba lamarin ɗaurarru masu taɓin hankali. Ita kuwa dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, ta maye gurbin dokar 1958, ta ba mara lafiya haƙƙin samun magani, ta haramta sa masa mari.

Sai dai ba takarda ke kai mutum asibiti ba. Wanda zai fito daga gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse a Kano yana buƙatar mutum guda takamaimai, ma'aikacin walwala ko nas, da zai riƙe fayil ɗinsa tun kafin ranar saki. Shi zai karɓo takardar likita mai ɗauke da sunan cutar, sunan maganin da yadda ake shansa. Ya kama masa ranar ganin likita a asibitin masu taɓin hankali na Dawanau ko na Malam Aminu Kano, kada ta wuce mako biyu, ya tabbatar maganin hannunsa zai kai ranar. Ya san gidan da zai kwana da ɗan uwan da za a kira.

A wajen magani aka fi yin ɓari. Wasu magungunan suna kawo taurin jiki, rawar hannu da dalalar miyau, sai mutum ya ajiye su shiru. Barci ya ƙaurace masa, ya fara zargin maƙwabta, in wiwi ko tiramol suka shigo kuma abin ya ta'azzara. Faɗa ɗaya a unguwa, sai ga shi gaban alƙali a matsayin wanda ya saba laifi, alhali ciwo ne ya taso. Da an gaya wa likita, zai iya rage maganin, ya sauya shi, ko ya koma allurar da ake yi duk mako biyu zuwa huɗu. Ruƙiyya da addu'a ba sa hana shan maganin asibiti, kuma liman ya fi kowa dacewa ya faɗa wa iyali haka.

Mai bibiyar shi ma ya kiyaye. In ya zama ɗan kai rahoto, duk ranar da aka tsallake asibiti ya sanar da hukuma, mara lafiyar zai riƙa ɓoye masa gaskiya. Idan mara lafiyar bai zo asibiti ba, washegari a bi shi gida, a ji ko kuɗin mota ne babu.