Abin da dokar Birtaniya take kira maguɗi a teburin caca

A ƙarƙashin wata dokar caca ta 1845, bashin caca a Ingila ba abu ne da kotu take karɓar wa mutum ba, wanda ya ci sai dai ya dogara da mutuncin wanda aka cinye. Dokar Caca ta 2005 ce ta sauya wannan, domin sashe na 335 ya buɗe ƙofar kai ƙara kan kuɗin caca, sashe na 42 kuma ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya yi maguɗi ko ya taimaka aka yi, ko da bai ci ko sisi ba. Sai dai dokar ba ta fayyace ma'anar maguɗi dalla-dalla ba, ta ambaci yaudara da yin katsalandan a yadda ake gudanar da wasan ne kawai.

Shari'ar Phil Ivey, gwanin karta ɗan Amurka, ita ta cike wannan giɓi. A watan Agustan 2012 ya ci fam miliyan 7.7 a Crockfords, tsohon kulob ɗin caca na attajirai da ke Landan a lokacin. Abokiyar wasansa, Cheung Yin Sun, ta gano cewa zanen bayan kartar bai yi daidai a gefunansa biyu ba, sai suka fake da camfi, suka sa mai raba karta ta riƙa juya masu daraja, wato 7 da 8 da 9, wai don neman sa'a, ta yadda za su gane su tun kafin a buɗe. Kulob ɗin ya mayar masa da jarinsa na fam miliyan 1, ya hana shi sauran, shi kuma ya garzaya kotu.

A ranar 25 ga Oktoban 2017 alƙalan Kotun Ƙoli biyar suka yi ittifaƙin cewa ya yi maguɗi, duk da cewa hannunsa bai taɓa kartar ba, kuma an yarda ya yi imani da gaske cewa dabara ce halastacciya. Abin lura, ƙarar kuɗi ce, ba a tuhume shi da laifi ba. A ganin kotun, da ya lura da aibin kartar ne kawai, da mai yiwuwa a ce kaifin ido ne, amma shi ya shirya yadda za a jera ta, ya mai da ma'aikaciyar da ba ta san dawan garin ba 'yar aikensa. Ma'aunin kuwa shi ne yadda masu hankali za su kalli aikin, ba yadda mai shi yake kallonsa ba.