Waiwaye: inda Max Ernst ya samo dajinsa

Duk wanda ya taɓa bin zane-zanen Max Ernst zai ga daji ya ƙi barinsa, bishiyoyi a cunkushe kamar katanga babu kafar shiga, can sama wani zobe da ba ka ce rana ba ce ba ka ce wata ba, sai ɗan tsuntsu a maƙale a tsakiya. Ba dajin zuwa shan iska ba ne sam.

Abin ya faro tun yana yaro a Brühl kusa da Kolon a Jamus, inda aka haife shi a 1891, babansa malamin kurame ne mai ɗan taɓa zane, shi ke jan sa cikin daji, yaron yana so kuma yana tsoro. A 1906 akunsa ya mutu, da safe yana ganin gawar sai ga baban da albishir wai an haifa masa ƙanwa, shi da bakinsa ya ce tun ranar mutum da tsuntsu suka cakuɗe masa a ka. Tsuntsun nan Loplop da ya cika zanensa daga baya, nan ne tushensa.

Sai yaƙin duniya na ɗaya, aka kai shi fagen daga cikin sojan Jamus. A 1924 marubuci André Breton ya fitar da sanarwar surriyalizim a Faris, wato tafiyar marubuta da masu zane da Ernst ya shiga, su dai mafarki suke bi, hankalin da ya kai Turai ga wannan yankan rago sun gaji da shi.

Wurin da ya fi burge ni 1925 ne. Ana ruwa, Ernst yana zaune a wani masauki a Pornic bakin teku a Faransa, ya ƙura wa katakon daɓe ido, katakon ya sha wanki har jijiyoyinsa sun fito, sai ya ɗora takarda ya goga fensir, irin dai yadda muke yi da kwabo a firamare, kawai sai ga ganye ga fuka-fuki ga idanu. A 1926 ya buga irin waɗannan zane-zanen guda 34, a 1927 dazuzzukan suka yi ta fitowa da fenti.

'Yan Nazi sun saka aikinsa a baje kolin da suka shirya a 1937 don wulaƙanta zanen zamani, Faransa kuma ta tsare shi a 1939 don shi Bajamushe ne, da ƙyar ya tsere Amurka a 1941. Zanensa mai suna Turai Bayan Ruwan Sama can ya ƙarasa shi a 1942, dajin duk ya ruɓe ya zama wani abu kamar suri kamar ƙashi, ga wani mai kan tsuntsu a tsaye riƙe da mashi.